Jinjina ga Makaɗan Fadar Damagaram da Masu Adana Sautinsu

Kamar yadda Turawa suka himmantu ga taskace kiɗan magabatansu irin su Bach da Beethoven a faifai, suna nazarinsa a madarasai, haka ya wajaba mu ma mu san darajar makaɗan fadar Damagaram, waɗanda suka riƙe amanar sana'arsu tun zamanin Sarki Tanimu, suka ga shigowar Nasara a 1899, ba su kuwa yar da gadon ba.

Wanda Allah Ya nufa ya tsaya ƙofar fada a Birnin Zinder ranar hawan salla, ya ga mai kakaki ya ɗaga dogon ƙarfensa yana kirarin sarauta, mai algaita kuma ya cika kumatu da iska yana busa ba yankewa, tambura na amsawa daga baya, lalle zai tabbata cewa wannan fanni ilmi ne mai ƙa'ida da ladabi, wanda ɗa ke karɓa daga uba da haƙuri.

Saboda haka muke shawartar mai neman fa'ida ya saurari waƙoƙin marigayi Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ya nemi faifan makaɗan Nijar da kamfanin Ocora na Faransa ya fitar, ya kuma kasa kunne ga taskar rediyon Muryar Sahel, domin a cikinsu akwai nasabar sarakuna da tarihin ƙasa.

Allah Ya gafarta wa waɗanda suka rigaye mu, Ya saka wa masu adanawa da alheri, amin.