Ɗan akwatin DAC: mi kunne ke ji, mi aljihu ke biya?

Tun da wasu wayoyi suka fara zuwa ba ramin ekutar, wani ɗan akwati ya shigo hirar masu son kiɗa, sunanshi DAC. Masu tallarshi sun ce in ka liƙa shi tsakanin waya da ekutar, za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba cikin waƙar da ka haddace: numfashin mawaƙi, gogar yatsa bisa tsirkiya. Har wasu ƴan uwa ɗalibai sun fara tsimin kuɗin bursi don su saye shi. Ni a ganina rabin wagga magana gaskiya ne, amma gaskiyar ba wurin da masu talla ke nunawa take ba.

Waƙar da ke cikin kart memwar lambobi ce zalla, kunne ko ba ya jin lamba. Aikin DAC shi ne ya juya lambobin su koma kuran mai hawa da sauka, wanda ke girgiza ƴar fatar da ke cikin ekutar. Ke nan duk abin da ke fidda sauti daga fishiye yana da nashi a ciki, har Itel mai maɓalli ta tsohuwarka. Tambayar dai ita ce: na waje ya fi na ciki har yadda kunne zai gane?

Faifan CD da ya fito a 1982 yana auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, da bit 16. Wannan ya isa ya ɗauki sauti har sama da hertz 20,000, iyakar siririn sautin da kunnen yaro mai lafiya ke kamawa, kuma iyakar tana sauka in ana girma. Juya irin waɗannan lambobi da tsabta, injiniyoyi sun daɗe da gamawa da shi. Manyan lambobin da ake rubutawa bisa kwali, bit 32 da dubu ɗari uku da wani abu, ido suke burgewa. A 2007 wasu Amurkawa biyu, Meyer da Moran, suka gwada masu sauraro ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, sauti mai manyan lambobi ko irin na CD. Cikin gwaji 554, sau 276 aka dace, kamar dai an yi canki-canka. An soki tsarin gwajin daga baya, wasu bincike sun nuna akwai ɗan bambanci, amma ɗan kaɗan ne, sai a ɗaki shiru da kunnen da aka horar. Mu ko ina muke saurare? Bayan kabu-kabu, ko ɗaki mai mutum huɗu da fanka na kuka. Mawaƙi Neil Young ma ya fito da nashi akwatin kiɗa, Pono, kan dalar Amurka 399, da alƙawarin sauti na ainihi. Kuɗin aikin an tara su a 2014, zuwa 2017 an rufe shago.

To mi ya sa wanda ya saya yake rantsuwa ya ji canji? Ba ƙarya yake ba. Cikin akwatin nan akwai abu na biyu, ampili, mai ƙara wa kuran ƙarfi. Kunnen ɗan Adam kuwa yana da wata ɗabi'a: in aka kunna mashi waƙa guda sau biyu, na biyun ya ɗan fi ƙara, ba zai ce ya fi ƙara ba, sai ya ce ya fi daɗi, ganga ta fi cika, murya ta fi fita. Ka haɗa da cewa mutum ya zuba jakkuna, zuciyarshi na son ta ji abin da ya biya.

Amma kar a ce na yi wa akwatin rashin adalci, akwai inda yake da rana. Manyan kaske na situdiyo kamar Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250, suna son kuran da waya da yawa ba su iya bayarwa. Ka kai boliyom ƙarshe, sautin na nan sanyi-sanyi kamar kunun da ya kwana. Nan ampilin waje yana tada shi sosai. Haka in kana jin wani "sssss" lokacin da waƙa ta yi shiru, ko ramin ordinater ɗinka na tsiyayo ƙugi in an sa caji, akwatin waje zai share shi. Wanda wayarshi ba ta da rami, kamar iPhone tun daga ta 7 a 2016, shi ba shi da zaɓi, kuma ƴar igiyar nan da yake liƙawa DAC ce cikakka, ko da ba a faɗa mashi ba. Ekutar ɗinmu na kullum ko, om 16 ne zuwa 32, waya na tuƙa su ba gumi. In kuma na Bluetooth ne, magana ta ƙare: DAC ɗinshi na cikin kunnenka, na waje ba shi da ta inda zai shiga.

Abin da masu talla ba su taɓawa shi ne fishiyen kanshi. CD na zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da muka fi yawo da shi 128, wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya. Abin da aka zubar wurin matsewa ya tafi, ba akwatin da zai maido shi. Balle waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka sake matse ta, ta bi waya goma. Tsoffin waƙoƙin Shata da aka kwafo daga kaset, DAC mai kyau sai dai ya ƙara fito maka da shuuu ɗin kaset. Kuma ku tuna Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua: faifanshi na farko, Anar, da ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta waya da kart memwar ya zagaye Sahel kafin Turai ta san shi. Ba wanda ya jira bit 32 kafin ya so shi.

Sai batun kunne. OMS ta ce desibel 80 na awa 40 a sati shi ne iyakar babba, in ƙara ta wuce haka lokacin sai ya ragu da sauri. Akwatin da babban aikinshi ƙarin ƙarfi ne, a hannun mai ƙoƙarin danne hayaniyar tasha, ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ga shi yana shan batirin waya, abin da duk mai bita lokacin da kuran ya ɗauke ya san zafinshi.

In kana da ƴan kuɗi, fara da ekutar mai toshe kunne da kyau, sannan ka nemi fishiye mai kilobit 256 ko 320. In har ranka na kan akwatin, ari na wani tukuna. Ku daidaita ƙarar su zo ɗaya, ka ba abokinka baya, shi ya riƙa canzawa ba tare da ya faɗa maka ba, sau goma, yana rubutawa. In ka gane tara, je ka saya. In biyar ko shida ka samu, bar kuɗinka su tafi fotokopi.