Zanen Tunawa da Abin da Ya Ke Mancewa: Nazarin Hotunan Bikin Furen Sakura na Washinton

1. Gabatarwa

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Maris zuwa tsakiyar Afrilu, birnin Washinton na ƙasar Amurka yana bikin furen itacen sakura. Asalin bikin kyauta ce. A shekara ta 1912 magajin garin Tokiyo, Yukio Ozaki, ya aika wa birnin da itatuwa 3020, aka dasa biyun farko ranar 27 ga Maris a bakin tafkin da a ke kira Tidal Basin. Bikin kansa ya samu gindin zama a 1935. A shekarun baya-bayan nan masu shirya shi sukan zaɓi mai zane guda, su buga aikinsa kan afishi, watau babbar takarda mai hoto da a ke mannawa ga bango. Cikin waɗanda aka zaɓa akwai Peter Max a 2012, da Maggie O'Neill a 2018, da Simon Bull a 2019.

Sau da yawa ma'aikatan yaƙi da jahilci sukan ɗauka cewa hoto ba ya bukatar tafinta. Aikin waɗannan masu zane ya isa a gwada wannan zato da shi.

2. Dabaibayin mai zane

Mai zanen afishin biki ba sakakke ba ne. Dole fure ya fito, da launinsa na ruwan hoda. Akasari a nuna wani gini da zai shaida birnin. Kuma a rubuta shekara. Ga shi kuwa furen ba ya daɗewa. Hukumar da ke kula da itatuwan tana ƙirga cikar fure daga ranar da kashi 70 cikin ɗari na furen irin Yoshino suka buɗe, bayan ƴan kwanaki kuma sai su soma kakkaɓewa. Tun da sai an buga afishi kafin biki, mai zane furen bara ya ke tunawa, ya ba shi sunan bana. Nan raunin wannan fanni ya ke: kayan miyan ɗaya ne kullum, hannun mai girki kaɗai ke sakewa. Wanda bai kai gwani ba sai ya tsaya ga ƙawa. Gwani kuwa shi ne wanda ya sa waɗannan ƴan alamomi suka faɗi magana.

3. Misali guda: aikin Paul Rogers

A 2012, cikar shekara ɗari da kyautar, gidan wayar Amurka ya fitar da tambur biyu, watau kan sarki, waɗanda Paul Rogers ya zana da salon afishi: launi shimfiɗaɗɗe, siffofi marasa tarkace. In an jera su sai su zama hoto ɗaya. A na hagu akwai ƴan mata biyu sanye da kimono, tufar gargajiya ta Japan, da wani iyali mai yawo, ga kuma hasumiyar tunawa da George Washington can baya. A na dama akwai ginin tunawa da Thomas Jefferson da ƴan kallo ƙarƙashin rassa.

Abin yabo a nan shi ne tsari. An gama hasumiyar a 1884, ginin Jefferson kuwa sai a 1943 aka buɗe shi. Idon da ya taso daga hagu ya nufi dama zai fara da masu kyauta da tsohon gini, ya ƙare da masu cin moriya da sabon gini. Ke nan hoton jimla ce, mai farko da ƙarshe. Amma wannan jimla da ƙa'idar boko aka jera ta. Almajirin da ya saba da ajami daga dama ya kan kama shafi. Mai yiwuwa ne ya karanta labarin a juye. Wanda bai san kimono ba, Japan ta ɓace masa ɗungum daga hoton, kyautar ma ta ɓace tare da ita. Abin da zai rage masa itatuwa ne da mutane.

4. Abin da aka bari waje

Hoton tunawa zaɓe ya ke yi. Itatuwa 2000 da Tokiyo ta fara aikawa ƙone su aka yi a 1910, don an tarar da ƙwari da cuta a jikinsu. A watan Nuwamba na 1938 wasu mata sun ɗaure kansu da sarƙa ga itatuwan, don hana a tumɓuke su saboda aikin ginin Jefferson, ginin nan da ya ke zaune lafiya da furanni cikin zanen Rogers. A Disamba na 1941, kwanaki kaɗan bayan harin Pearl Harbor, an wayi gari an sare itatuwa huɗu, aka kuma dakatar da bikin har bayan yaƙi. Ba a zargin mai zane don bai sa gatari cikin hoton murna ba. Wanda aka gayyata biki ba ya tone-tone. Sai dai zumuncin da ya tsallake yaƙi ya fi wanda bai taɓa ganin gwaji ba nauyi, kuma wannan nauyin ne zanen ya rasa.

5. Darasi ga masu tsara littattafai

Akwai wata wahala ta harshe. In za a sa wa irin wannan hoto bayani da Hausa, kalmar Faransanci printemps ita ce tuntuɓen farko. An saba fassara ta da bazara. Amma bazara a Maraɗi ko Tawa lokacin zafi ne, rijiya ta ja baya, rumbu ya yi ƙasa, manomi yana sharar gona yana duban gabas. Murnar da Ba'amurke ke yi da fure bayan sanyin ƙanƙara ta fi kusa da murnar ruwan shuka. Wanda ya rubuta «bikin furen bazara» ya fassara kalma, ya bar ma'ana a baya.

Saboda haka hoto ma rubutu ne, yana da baƙaƙensa da nahawunsa, kuma koyonsa a ke yi. Kafin a buga afishin rigakafi ko hoton littafin koyon karatu na manya, ya kamata a kai shi ƙauye, a miƙa wa waɗanda aka yi dominsu ba tare da bayani ba, a tambaye su abin da suka gani, daga wane gefe suka fara, a rubuta amsarsu da bakinsu. Abin da suka faɗa shi ne abin da hoton ya ce. A kansa za a yi gyara.