Heidi Ta Japanawa: Nazari A Kan Wani Majigin Yara A Turai

A shekarar 1978 gidan talabijin na Antenne 2 a Faransa ya fara nuna wa yara majigin zane mai suna Goldorak, labarin wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe mai yaƙi da maharan sararin sama. Iyaye da marubutan jaridu suka yi ca a kansa, suna cewa majigin Japanawa duk faɗa ne da ihu. Wannan hukunci ya yi gaggawa, gama tun kafin nan yaran Turai suna kallon aikin Japanawa, da yawa ba su ma san na Japanawa ba ne. Heidi ita ce babbar shaida. Isao Takahata ya shirya ta a 1974, kashi 52, daga littafin Johanna Spyri, mutuniyar Suwizalan. An nuna ta a Sifen a 1975, a Jamus a 1977.

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi, shi ne yadda Takahata ya bi da lokaci. Majigin talabijin na Japan a wancan zamani ba ya samun kuɗin zane mai yawa, saboda haka motsi kaɗan ne. Wasu suka rufe wannan rashi da ƙara da walƙiya. Shi kuwa Takahata sai ya mai da shi natsuwa. Kashi guda ya kan ƙare ba abin da ya auku sai tatsar awaki, da gasa cuku a bakin wuta, da yarinya tana sauraron iska cikin itatuwa. Ba da ka aka zana waɗannan ba, domin a 1973 shi da Hayao Miyazaki sun je Suwizalan sun ga wurin da idonsu. Lokacin da aka kai Heidi birnin Frankfurt ta kamu da begen gida, mai kallo ma ya kan ji begen, don ya daɗe zaune tare da ita a kan dutsen.

Amma fa akwai inda na ke ganin ya rage wa labarin ƙarfi. A littafin, Peter makiyayi shi ya tura keken Clara gurguwa ya faɗa gangare, saboda kishi. A majigin an wanke shi, keken ya lalace ne bisa tsautsayi. An kuma sassauta zancen addu'a da tuba, wanda shi ne ginshiƙin littafin Spyri, aka ƙaro wani kare, Josef, wanda ita ba ta rubuta ba. Karen bai ɓata kome ba. Cire kishin Peter kuwa hasara ce, gama yaro ya san kishi sarai, kuma a littafin an bar shi ya ga yadda mai laifi ke kwana da fargaba kafin a yafe masa.