Likita Mudd A Kurkukun Tsakiyar Teku

Jama'a, musamman ku 'yan makarantar Gaya da Ajingi da ke tambayarmu abin karantawa, yau ga wani littafi na Turanci, watau tarihin Likita Samuel Mudd, wanda 'yarsa Nettie ta tattara, aka buga a Amurka cikin 1906. Galibinsa wasiƙu ne da uban ya rubuto wa iyalinsa daga kurkuku.

Ga asalin maganar. Ran 14 ga Afrilu 1865 wani ɗan wasan kwaikwayo, John Wilkes Booth, ya harbe Shugaban Amurka Abraham Lincoln. Garin gudu ya karye a ƙafa, ya biya gidan Mudd da asuba, Mudd ya yi masa ɗori. Da kotun soja ta zauna, aka rataye mutum 4, aka ɗaure Mudd da Arnold da O'Laughlen rai da rai, Spangler kuwa shekara 6. Cikin Yuli aka kai su barikin Jefferson, wata ganuwa ta tubali bisa ɗan tsibiri, mil 70 yamma da garin Key West. Wannan ya fi tafiyar Kano zuwa Gaya nisa, ga shi kuwa duk ruwan gishiri ne.

Inda littafin ya yi kyau shi ne wajen bayanin zaman wurin, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ga zafi, ga sauro, ga ɗoyin gwalalon da ya kewaye ganuwar. Cikin Satumba 1865 Mudd ya ɓuya cikin wani jirgin ruwa don ya tsere, aka kama shi, aka sa masa mari, aka kulle shi da 'yan'uwansa a ɗaki na ƙasa. Cikin 1867 zazzaɓin shawara ya auka wa barikin, ya kashe likitan soja, ya kashe O'Laughlen. Sai ɗaurarre ya karɓi jinyar masu gadinsa, alhali a zamanin nan ba wanda ya san sauro ke kawo cutar, ba a tabbatar da haka ba sai 1900. Sojoji suka rubuta takardar roƙo dominsa, Shugaba Andrew Johnson ya yafe masa cikin Fabrairu 1869. Wasiƙun wannan lokaci ba ado cikinsu, shi ya sa suke ratsa zuciya.

To, amma ku lura. An haifi Nettie cikin 1878, uban ya rasu cikin 1883, watau ba ta ga kome da idonta ba. Niyyarta kuwa guda ce, ta wanke ubanta. Saboda haka ta ba hujjar lauyansa fili mai yawa, ta sassauta wajen abin da ke tuhumarsa. Ga shi kuwa Mudd ya san Booth tun cikin 1864, sun gana a ƙauyensu, sun kuma gana a Washinton.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi gare mu. Mudd mai bayi ne, waɗansu da ya taɓa mallaka har sun ba da shaida a kansa gaban kotu, ɗaya ya ce ya harbe shi a ƙafa. Cikin wasiƙarsa kuma, shi da kansa ya nuna abin da ya zuga shi gudu har da ƙyamar a ce baƙaƙen sojoji ne ke gadinsa. Mutumin da ya iya kwatanta nauyin mari a ƙafarsa bai tuna da na bayinsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada wannan ya sa ku ce mari ya dace da shi. Hukuncin da aka yanke masa ɗauri ne, ɗaurarre kuwa amana ne hannun hukuma, ko mene ne laifinsa. Kada kuma jinyar da ya yi ta sa ku ce ba shi da laifi, wannan magana ce dabam.

Shawararmu, ku karanta littafin nan, ku gaskata shi kan zaman kurkuku. Amma kan shari'ar, ku tuna bakin mutum ɗaya kuka ji, alkali kuwa ba ya yanke hukunci sai ya ji na biyu. Allah ya sa mu gane.