Shirin Safe a Rediyo da Matsalar Ƙidayar Masu Sauraro: Misali daga Ƙasar Kazaure da Babura

Duk gidan rediyon da ke cin abinci da talla ya san cewa safiya ce kasuwarsa. A wannan lokaci ne jama'a suka fi buɗe rediyo, a nan ne kuɗin talla ya fi tsada, a nan ne kuma ake ajiye ma'aikacin da aka fi ji da shi. Saboda haka a ƙasashen da harkar ta kafu, alƙaluman masu sauraron shirin safe su ne ke ɗaga mai gabatarwa ko su kayar da shi. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda ake samo waɗannan alƙaluma, sa'an nan a gwada ma'aunin a kan mai sauraro na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, don a ga ko ya kama shi. Abin da za a nuna shi ne bai kama shi ba, kuma wannan rashi yana da hannu a irin Hausar da ake ji a rediyo da safe.

Awon masu sauraro daga Amurka ya faro, kuma masu talla ne suka haife shi. A 1930 aka soma buga wa mutane waya ana tambayarsu abin da suka ji jiya. A 1934 kamfanin Hooper ya sauya tambayar ta koma abin da mutum ke ji a daidai lokacin da wayar ta shigo, domin an lura mantuwa tana ɓata lissafi. Daga baya aka ƙirƙiro littafin mako, watau ɗan littafi da ake raba kowace rana a cikinsa kashi-kashi na minti 15, mai sauraro ya riƙa sa alama a gaban tashar da ya kama. Hukumar RAJAR ta Ingila, wadda aka kafa a 1992, a kan wannan littafi ta gina aikinta, ko da yake yanzu ana cika shi har ta intanet. A ƙa'idarta, wanda ya kama tasha na minti 5 a jere cikin mako ya shiga lissafin masu sauraronta. Daga littafin ake fitar da yawan mutanen da muryar tasha ta kai gare su, da tsawon lokacin da suka zauna da ita, da kason da ta samu cikin dukan sauraron da aka yi a wata sa'a.

A 2007 kamfanin Arbitron ya fara aiki da wata 'yar na'ura a biranen Amurka, wadda mutum ke ratayawa a jikinsa, tana tsintar wata ɓoyayyiyar alama da aka cusa cikin sautin kowace tasha. Abin lura shi ne, da aka koma ga na'urar sai alƙaluman wasu tashoshi na baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci suka faɗi, har hukumomin jihar New York suka kai kamfanin ƙara a 2008 bisa zargin bai sa isassun irin waɗannan mutane cikin waɗanda ya rataya wa na'urar ba. Masu sauraron ba su ƙaura ba, ma'auni ne ya sauya. Kamfanin Nielsen ya saye Arbitron a 2013.

A Nijeriya kuwa buƙatar awo ba ta taso sosai ba sai bayan dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta kuma halatta gidajen rediyo masu zaman kansu. Kafin nan rediyo na gwamnati ne. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da wasiƙu da katunan gaisuwa na shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka yake gane inda muryarsa ta kai. RayPower ta buɗe a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, wasu suka biyo baya. Kamfanonin bincike irin su Media Planning Services na Legas sun daɗe suna sayar wa masu talla alƙaluman da suka tara ta hanyar tambayoyi da littafin mako, kamfanin GeoPoll kuma ya shigo da tambaya ta saƙon waya. A 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti kan samar da ma'auni na ƙasa baki ɗaya, hujjarsa kuwa ita ce rashin amintaccen awo yana hana kuɗin talla shigowa. Hujjar gaskiya ce, amma ta nuna wanda ake yi wa aikin, watau mai talla.

To, ina matsayin mutumin ƙasar Kazaure a cikin wannan lissafi? Tun 1991 yankin yake cikin Jihar Jigawa, amma Kazaure tana bisa hanyar Kano zuwa Daura, kuma ta fi kusa da Kano a kan Dutse. Roni da Gwiwa suna jingine da Jihar Katsina, Babura kuma tana bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, tana fuskantar ƙasar Damagaram. Igiyar rediyo ba ta san iyakar jiha ba. Mai shago a Kazaure yana iya kwana ya tashi da tashar Kano, amma in an zo awo ba ya cikin samfurin birnin Kano, domin ba a can yake zaune ba, kuma in an auna tashoshin Jigawa ba zai ƙara musu komai ba. Ya faɗa tsakanin taswira biyu ke nan. Wannan ita ce ƙaramar matsala, domin ana iya gyara ta da sake zana taswira.

Babbar matsalar tana cikin harshe da al'ada. Shirin da Turawa ke laƙaba wa sunan karin kumallo an gina shi ne a kan wata irin safiya: mutum ya tashi da ƙarar agogo, ya karya a tsaye, ya shiga mota zuwa ofis, daga ƙarfe 6 zuwa 10. Safiyar Bahaushe ba guda ɗaya ba ce. Akwai asuba, akwai sassafe ko sanyin safiya, akwai fitowar rana, akwai hantsi, akwai walaha, kowanne da aikinsa da gaisuwarsa. Gidajen rediyon Hausa sun san da haka. Sashen Hausa na BBC, wanda ya soma a 1957, ya daɗe da raba shirin safe da shirin hantsi, Freedom Radio kuma ta raɗa wa shirinta Barka da Hantsi. Masu shirya shiri sun bi rana, masu awo sun bi agogo. In aka tambayi manomi a Gwiwa abin da ya ji tsakanin 7:15 da 7:30, an tambaye shi da harshen da ba da shi yake tuna ranarsa ba. Zai iya cewa ya ji labarai bayan ya dawo daga masallaci, ya ji wani shiri sa'ad da ya isa gona. Kuma wannan tsari yana juyawa da shekara: safiyar damina daban da ta rani, ta watan azumi kuwa da sahur take farawa, sa'an nan gari ya yi tsit har hantsi. Awon mako guda ba zai ga wannan ba.

Har ila yau Hausa ta bambanta ji da sauraro da kasa kunne. Na'urar ratayawa ko ji ba ta aunawa, sautin da ya ratsa wurin kawai take tsinta. Littafin mako kuma tuni yake aunawa. Mai talla kuwa kasa kunne yake so ya saya. A teburin mai shayi a bakin tasha, rediyo ɗaya ce, mutum goma suna zaune, kuma mai shayin ne ke da ikon murɗa ta. Shin mutum goma aka samu ko ɗaya? Wanda ke musu da maƙwabcinsa a kan abin da aka faɗa yanzun nan ya fi kowa kasa kunne, alhali ba shi da rediyo, kuma in an tambaye shi ko yana da ita zai ce a'a, a wuce shi. A cikin gida ma haka abin yake, sai dai ya fi tsanani. Mata su ne suka fi daɗewa da rediyo da safe, tana rataye ana damun koko ana shara, bayan maigida ya fita. Mai tambaya namiji iyakarsa zaure, abin da zai rubuta kuwa shi ne abin da maigida ya ce iyalinsa suna ji. Littafin mako yana bukatar karatun boko, ga kuwa dattawa da yawa da ajami suke rubutu. Ga kuma ladabin Bahaushe ga baƙo, wanda kan sa ya ambaci tashar da yake zaton za ta yi wa mai tambaya daɗi, ko wadda ta fi suna. Sau da yawa ma sunan shiri ko muryar mai gabatarwa ya sani, bai damu da sunan tashar ba.

Ana iya cewa wayar hannu ta kawar da wannan duka, tun da yanzu tasha tana ganin adadin masu kallonta a Facebook da masu kama ta ta intanet. Lalle waɗannan alƙaluma na gaske ne, amma masu kuɗin data suke ƙirgawa. Ƙaramar wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a Babura tana kama FM ne kai tsaye daga iska, kamar kowace rediyo, ba ta barin sawu a ko'ina.

Da yake babu amintaccen adadi, sai gidajen rediyo suka koma ga shaidar da ke hannunsu, watau kiran waya, wanda ya yawaita bayan shigowar wayar salula a 2001. Layi ya cika, sai a ce shiri ya karɓu. Amma duk wanda ya bi shirin safe na 'yan makonni zai lura muryoyi ƙalilan ne ke maimaituwa, galibi maza, galibi 'yan birni, masu kati da sukunin sake bugawa har layi ya shiga. Katin gaisuwa na da ma yana da irin wannan aibi, sai dai shi ko daga ƙauye yakan iso, kuma ana karanta sunan garin. Mai gabatarwa ɗan Adam ne, da wanda ke amsa masa yake magana. A hankali sai harshen shirin ya karkata ga harshen masu kira: saurin magana, da cusa Ingilishi a inda Hausa ke da kalma tsayayya, da zancen cunkoson motoci da siyasar birni, alhali farashin taki da labarin saukar ruwa sai an ci sa'a. Tallan manyan kamfanoni, wanda akan tsara da Ingilishi a fassara kalma da kalma, yana ƙara wa abin gishiri. Inda kuma manyan kamfanoni suka ƙi zuwa don babu alƙaluman da za a nuna musu, sai a yanka lokacin a sayar wa duk mai kuɗi a hannu, ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya, wanda ba ya tambayar mutum nawa ke ji.

Ba a ce Hausar birni ba Hausa ba ce, kuma aro ba laifi ba ne, kalmar rediyo kanta ararriya ce. Abin dubawa shi ne, ga mutanen da jarida ba ta kai musu, rediyo ce makarantar daidaitacciyar Hausa. Daga Rediyon Kaduna da sassan Hausa na ƙasashen waje jama'a suka koyi kalmomi irin su majalisar dokoki da tattalin arziki da kasafin kuɗi, domin a wancan zamani akwai masu zama su tace fassara kafin a karanta. Yaron da ke tashi yau a Roni daga shirin safe yake ɗaukar abin da yake zaton shi ne Hausar masu ilmi.

Awon da zai dace da wannan yanki ba gagara-badau ba ne. Yana bukatar mata masu tambaya da za su shiga cikin gida, da jadawalin da aka raba bisa salla da tsayin rana maimakon minti 15, da tambayar inda aka ji da kuma mai rediyon, da maimaita aikin a damina da rani da azumi. Yana bukatar a tambayi mutum abin da aka faɗa a shirin, domin ta haka ne kawai za a raba ji da kasa kunne. Mai talla ba zai biya kuɗin wannan ba, tun da kasuwar Gwiwa ba ta kai ya wahala dominta ba a lissafinsa. Amma sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'in Kano da Dutse da Katsina suna da ɗalibai masu neman batun digiri na biyu, kuma a Kazaure kanta akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu, inda za a sami 'yan ƙasar da suka san ƙofar kowane gida. Matakin farko ma bai kai haka tsada ba: a naɗi shirye-shiryen safe na tashoshi uku ko huɗu na tsawon wata guda, a rubuta garin da kowane mai kira ya ambata, a ƙirga sau nawa aka ji Babura ko Roni, sau nawa kuma aka ji muryar mace.