Tsufan Ƙarya: Haruffan da Ake Yi wa Tabo da Gangan

Ka lura da tallan fim ɗin kaboyi, ko allon wani gidan abinci mai son kama da na da. Haruffan masu kauri ne, kowanne da dunduniya mai faɗi kamar bulo, jikinsu duk ƙuje-ƙuje kamar sun shekara ɗari. Sunan wannan salo silab-serif, amma tsufan da kake gani a kwamfuta aka zana shi. Ko ya yi kama da na gaske?

Salon ya fito ne a Landan wajen 1815 a hannun Vincent Figgins, don tallan da za a hango daga nesa. A 1845 aka fitar da Clarendon. A Amurka kuwa, Darius Wells ya fara sayar da manyan haruffa na katako a 1828, saboda na darma suna da nauyi da tsada in sun yi girma. Katako yana cinyewa: injin buga takarda ya danne shi, gefe ya ɓalle, tawada ta ƙi kama wani wuri. Daga nan tabon ya samo asali.

To, ga inda gizo ke saƙar. A akwatin maɗaba'a, kowane guntun katako da irin wahalar da ya sha. A kwamfuta kuwa, harafi zane ɗaya ne da ake maimaitawa. Gwada rubuta KAKAKI da irin wannan salo: K uku, tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ido yana saurin gano maimaici, nan take asiri ya tonu. Kuma ma'aikacin maɗaba'a na wancan zamani ai aibi yake ɗaukar wannan tabo, ba ado ba.

Matsala ta biyu ta fi shafar mu. Da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo sumul, su tsaya tsakiyar kalma kamar baƙi. In ma akwai su, ƙujewar tana iya cinye lanƙwasar, musamman a ƙaramin rubutu, sai ƙafa ta koma kafa.

Ba wai salon ba shi da amfani ba. A kalma ɗaya ko biyu, manya-manya, yana jan ido sosai. Masu kyau daga ciki suna amfani da fasahar OpenType su ajiye wa kowane harafi zane biyu ko uku, suna sauyawa. Amma in kana son aiki mai inganci, ɗauki salo mai tsabta wanda ke da haruffan Hausa, ka gama rubutunka, sannan ka shimfiɗa ƙujewar a kan zanen gaba ɗaya. Ta haka babu K biyu da za su yi tabo iri ɗaya.