Yatsan Malam a Kan Maɓalli

Matuƙin jirgin sama yana zaune ne a cikin jirginsa. In jirgi ya karkata yana ji a jikinsa, ga kuma allo cike da agoguna a gabansa suna ba shi labari. Mai tuƙa ƙaramin jirgi da rimot kuwa a ƙasa yake tsaye, ƙafafunsa cikin rairayi, jirginsa na can nesa ya zama ɗan ɗigo. Ba abin da jiki zai gaya masa. Idanu ne kawai da manyan yatsu biyu. Jirgi kuma ba shi da burki, ba a faka shi a gefen hanya a tsaya tunani. Shi ya sa wanda ya sayo jirgi ya nufi fili shi kaɗai, da wuya ya cika minti ɗaya bai tafi tsintar tarkace ba, kuma da yawa daga ranar suke sallama da abin.

Wannan ne ya sa nake ganin girman masu koyar da wannan tuƙi. Iya tuƙin daban, iya koyar da shi daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Rimot ɗin yana da ƙananan sanduna biyu, kowacce ƙarƙashin babban yatsa. A tsarin da ya fi yaɗuwa, sandar hagu ita ce totur in an tura ta gaba ko baya, in an kai ta gefe kuma tana juya linzamin da ke kan wutsiya. Sandar dama in an ja ta baya hancin jirgi ya ɗaga, in an kai ta gefe jirgi ya kwanta a kan fiffike ɗaya. Kwana kuwa haɗin gambiza ce: a kwantar da fiffike kaɗan, a mayar da sanda tsakiya, a ja hanci sama kaɗan don kada jirgi ya zube, in an gama a miƙar da shi. A nan ɗan koyo ke fara faɗawa rami. Ya saba da sitiyarin mota ko kan babur, inda ake riƙe kwana har a gama ta. A jirgi in ka riƙe sanda a gefe, jirgin zai ci gaba da mirginawa har ya kifa, hanci ya kalli ƙasa, ya taho yana juyi. Don haka kalmar da malami ya fi maimaitawa a makon farko ita ce: "Taɓa, saki. Taɓa, saki." Yana raba yatsa ne da ɗabi'ar da ya shekara da ita.

Babbar dabarar koyarwa ita ce haɗa rimot biyu, ko da waya ko ba waya. Na malam ne ke magana da jirgi. Akwai wani maɓalli a kafaɗar rimot ɗinsa; muddin yana danne da shi, akalar jirgi na hannun ɗalibi, da ya ɗaga yatsa ta dawo hannunsa kafin ƙiftawar ido. Ba sabon tunani ba ne. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, jiragen koyo na da abin tuƙi biyu, malami da ɗalibi kowa da nasa, kuma ba a miƙa tuƙi sai da furuci a fili don kada kowa ya zaci ɗan'uwansa ne ke riƙe. Haka ake yi a fili. Malam ya tayar da jirgi, ya kai shi sama, ya daidaita shi, sannan ya ce, "Amshi, yaro." Ɗalibi ya ce, "Na amsa, Malam." In abu ya rikice, sai ka ji, "Saki, yana hannuna."

Duk gwanintar tana ga sanin lokacin ɗaga wannan yatsa. Malamin da ke da saurin firgita, da jirgi ya ɗan karkata sai ya ƙwace, zai dawo gida da jirginsa lafiya lau, amma ɗalibinsa ba zai taɓa sanin yadda ake fita daga kuskure ba, don ba a taɓa barinsa ya daɗe a ciki ba. Wanda kuma ya cika jinkiri, to su biyu za su tafi tsintar tarkacen. Gwani yana tsakanin nan. Yana ganin fiffiken hagu ya sunkuya, ya san ɗalibi bai gani ba tukuna, ya yi shiru daƙiƙa ɗaya, biyu. In gyara bai zo ba ya ce, "Dama kaɗan." In yatsan ɗalibi ya tafi hagu saboda ruɗewa, ya ƙara ba shi daƙiƙa ɗaya ko zai farga da kansa. Idonsa na kan jirgi, kunnensa na kan numfashin wanda ke gefensa, don numfashi ne ke fara nuna cewa kai ya ɗauki zafi. In ya ji haka sai ya karɓa ko da jirgi na tafiya daidai, ya yi zagaye ɗaya da kansa, yaro ya sauke kafaɗa ya share gumin tafin hannu. Ni dai ban san wani aikin koyarwa da ake auna haƙurin malami a cikinsa da daƙiƙa kamar wannan ba.

Abin da ke sayo waɗannan daƙiƙoƙi shi ne nisa daga ƙasa. Ɗan koyo yana ganin kusa da ƙasa ya fi aminci, alhali a nan ajalin jirgi yake. Masu wannan harka suna da ƙa'ida: a kai jirgi tsayin da zai ɗauki kuskure uku. Na farko shi ne kuskuren kansa, na biyu gyaran da aka yi ba daidai ba, na uku kuma na malam ne, wato sararin da zai ceto jirgin.

Sai babbar jarrabawa, ranar da jirgi ya juyo ya fuskanci mai tuƙa shi. Lokacin da yake tafiya gaba, damarsa damarka ce. Da ya juyo, sai komai ya birkice: ka kai sanda dama, ka ga ya nufi hagunka. Manyan mutane masu digiri sun sha daskarewa a nan. Malamai suna da hanyoyin tsallakar da mutum. Wani zai ce, in yana zuwa gare ka, dubi fiffiken da ya yi ƙasa, ka kai sanda ɓangarensa ka tokare shi. Wani zai sa ɗalibi ya juya jikinsa ya kalli inda jirgi ya dosa, yana waiwayensa ta kan kafaɗa, don hagu da dama su koma mazauninsu. Duk waɗannan sandar dogarawa ce ta ɗan lokaci. Abin da ake nema shi ne ranar da tunani zai fita daga lamarin, yatsa ya riƙa gyara da kansa, kuma ba abin da ke kawo wannan sai maimaici: zagaye ta hagu, zagaye ta dama, sannan zana lamba 8 a sararin sama har a gaji. Malami mai lura yakan kuma shafa wa ƙasan fiffike launi daban da na samansa, don daga nesa ido ba ya rabe jirgin da ke zuwa da wanda ke tafiya. A ƙasarmu ta hazo wannan wajibi ne, farin jirgi ɓacewa yake yi ƙurmus a cikin buji.

Tun kafin a tashi ma an yi rabin karatun. Kowane yaro jirgin yaƙi yake so, mai tsinin hanci da gudun tsiya. Malam sai ya miƙa masa wani mai faffaɗan fiffike a saman jiki, bakin fukafukansa sun ɗan ɗaga sama, na farin soso irin wanda ake naɗo firji da talabijin a ciki. Irin wannan yana tafiya a hankali, in aka sake shi yana neman daidaita kansa, in ya faɗi kuma gam da salatif sun isa jinya. Sai a koya wa yaro ɗora jirgi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba, a ga ko ya tsaya daidai. In nauyi ya rinjaya gaba, jirgi zai tashi amma da taurin kai. In ya rinjaya baya, ba gwanin da zai iya riƙe shi. A matsa batir gaba kaɗan, a sake aunawa. A motsa kowace sanda a tabbatar abin da ke wutsiya da fukafukai yana bin umarni ta fuskar da ta dace, don sarbo ɗaya, wato ƙaramin injin da ke motsa su, in aka juya shi baibai ya isa ya kashe jirgi a tashin farko. Ana fara kunna rimot, totur a ƙasa, sannan a haɗa batir, kuma hannu ba ya kusantar farfela ko da wasa, don tana yanka nama.

Sauka ita ake bari ƙarshe, ita ce kuma ke raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. Malam ya debi ƙasa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, domin ana tashi ana sauka ne da hanci cikin iska. Tun a can sama ya riga ya sa ɗalibi ya rage gudu har fiffike ya kasa ɗaukar jirgi, hanci ya faɗi, don ya san alamun abin da maganinsa: a sunkuyar da hanci, a ƙara totur. Daga nan a yi ta wucewa ta kan wurin sauka, kowane zagaye ana ƙara yin ƙasa, ba tare da an taɓa ba. Ana rage tsayi da totur, ana riƙe gudu da hanci, sai dab da ƙasa a ja sanda a hankali. Darasi mafi tsada a nan shi ne fasa sauka ba abin kunya ba ne. In layi bai yi kyau ba, a ba shi wuta a sake zagayowa.

Tuƙin jirgi da rimot ya yi nisan tafiya kafin ya iso hannun talaka. A 1937 wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka tashi jirgin da ake lissafawa cikin na farko-farko da aka sarrafa da rediyo. Shekaru da dama abin na masu hali ne, sai da aka samu rimot mai aiki a kan zangon gigahaz 2.4 a tsakiyar shekarun 2000, da batir marar nauyi, da ƙananan injunan lantarki masu arha. Mu ma ba baƙi ba ne a harkar sama. A Kano jiragen farko suka sauka a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Birtaniya da suka taso daga Masar. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. A Kaduna rundunar sojan sama ta ƙaddamar da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, a 2022 kuma kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin jihar ta sama. Ilimin fiffike da iska da batir da ke ƙarƙashin duk wannan, shi ne dai wanda ake koya da jirgin soso.

In na dubi ƙasar Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, ina ganin wurin da ya dace da wannan karatu. Yaron da ke fere sillen kara yana soka ɓawonsa cikin ɓargo ya haɗa mota har da jirgi, ya riga ya san sauƙin nauyi da daidaito da hannunsa. Bayani kawai ya rage. Bayan kaka gonakin gero sun zama fili fetal, ga faɗin fadamun gulbin Rima, sai dai a kiyayi tushiya da itatuwan gawo. Da sanyin safiya iska na kwance, kafin ta hunturu ta taso daga gabas maso arewa, kafin kuma guguwar tsakar rana. Ga shirwa tana shawagi ba ta kaɗa fiffike, tana nuna wa mai lura inda iska mai ɗumi ke hawa. Abin tsoro shi ne zafin bazara da ke haura digiri 40, don batirin waɗannan jirage ba ya shiri da rana: yana kumbura, yana iya kamawa da wuta. A inuwa ake ajiye shi, a tsaya a kansa lokacin caji, wanda ya kumbura kuma an gama da shi.

Sai dai ba za a ɓoye halin da ake ciki ba. Mutanen Gatawa da Bafarawa da ƙauyukan da ke kewaye sun sha wuyar 'yan bindiga, akwai gonakin da ba a iya zuwa, kuma ƙara daga sama a yau tana tayar da hankali kafin ta ba da sha'awa. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Malamin kirki a irin wannan wuri ba zai kunna inji ba sai jami'an tsaro da hakimi da shugaban makaranta sun san da zancen, ba zai ɗora kyamara ba, ba zai bi ta kan gidaje ko kasuwa ba.

Kafin a samu wannan izini akwai karatu mai yawa da ba ya bukatar sararin sama. Jirgin soso ko na kwali marar inji, wanda ake jefawa da hannu a filin makaranta, yana koyar da ma'aunin nauyi da aikin wutsiya sarai: a lanƙwasa nan kaɗan, a jefa, a ga abin da ya canza. Akwai kuma manhajojin kwaikwayon tuƙi na kwamfuta da na waya, wasunsu kyauta, inda ake faɗuwa sau ɗari ba a yi asarar ko kwabo ba, kuma a nan ne rikicin hagu da dama ya fi saurin warwarewa. Kwamfuta ɗaya da farantin sola da rimot ɗaya sun ishi aji guda su yi layi. Yaron da ya shafe damina yana wannan, ranar da aka haɗa rimot ɗinsa da na malam a fili, yatsunsa sun riga sun san hanya, abin da ya rage masa shi ne iska ta gaske da bugun zuciya.